Wasiƙunku: Matsafin Shikago a Idon Masu Karatun Zariya

Assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata na yi 'yar magana a kan wani littafin Turanci mai suna Storm Front, na wani marubuci ɗan Amurka, Jim Butcher, wanda aka buga a shekarar 2000. Ga wanda waccan fitowar ta wuce shi, labarin wani matsafi ne a birnin Shikago, Harry Dresden, da ya kama ofis, ya sa sunansa a littafin lambobin tarho, yana karɓar aikin bincike ana biyansa. 'Yan sanda kan nemo shi idan suka ci karo da laifin da hankali ya kasa ɗauka. A wannan littafi an kira shi wani ɗakin otal inda aka tarar da gawa biyu, zuciyar kowannensu ta fasa ƙirji ta fito, a ranar kuma wata mata ta zo tana roƙonsa ya nemo mata mijinta da ya ɓace. Tun daga lokacin wasiƙu ke shigowa, wasu ma takowa suka yi har rumfata ta tsofaffin littattafai a Samaru muka yi ta baki da baki. Na taƙaita wasiƙun saboda fili. Wanda bai karanta littafin ba ya sani zan taɓo wasu abubuwa na tsakiyarsa, amma ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba.

DAGA WANI MAI GYARAN WAYA A PZ

"Baba, ni a littattafan James Hadley Chase na mahaifina na koyi son labarin bincike. Abin da na sani, mai bincike da ƙwaƙwalwarsa yake aiki. To wannan naku matsafi ne. Ai sai ya zauna a ɗaki ya buga ƙasa a nuna masa mai laifi. Ina abin jira? Ni dai ina ganin marubucin ya yi wa masu karatu wayo ne kawai."

Ɗana, tambayarka ita ce wadda duk mai rubuta irin wannan labari zai fara amsa wa kansa, in ya kasa kuwa littafin ya mutu tun a shafin farko. Da a ce Dresden yana iya abin da ka faɗa, da ni ma ban kai babi na uku ba. Abin da ya riƙe ni shi ne marubucin ya ɗaure jaruminsa tamau kafin ya sake shi cikin gari.

Tsafin da ke cikin littafin ba ya kama mutum daga nesa sai an sami wani abu na jikinsa: gashi, jini, farce, ko cikakken sunansa kamar yadda shi yake furta shi da bakinsa. In babu wannan, babu aiki. Kowane aiki kuma yana cin ƙarfin jikin mai yinsa, har za ka ga Dresden ya gama wani abu ya zube, kansa na sara, bai iya ɗaga ƙafa. Ruwa mai gudana yana karya tsafi. Ga kuma wadda ta shafi sana'arka: kayan zamani ba sa ƙwari a kusa da shi. Fitila ta mutu, tarho ya yi ta ƙara, mota ta tsaya a hanya. Shi ya sa yake zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kyandir, yana jan tsohuwar Bitil da aka yi wa faci da ƙofofin wasu motoci. Ka ga ke nan hanyoyin da ɗan sandan zamani ke samun bayani cikin sauri duk a rufe suke gare shi.

Bayan wannan akwai doka. Matsafan labarin suna da majalisa mai dokoki 7, ta farkonsu ita ce kada a kashe ɗan Adam da tsafi, hukuncin kuwa fille kai da takobi. Dresden ya taɓa kashe malaminsa yana ɗan shekara 16, wajen kare kansa. Ba a kashe shi ba, amma an rataya masa sharaɗi: kuskure ɗaya, a zartar. Akwai wani jami'in majalisar mai suna Morgan da ke bin sawunsa da takobi, wanda ya riga ya yanke a ransa cewa Dresden ne ya yi kisan otal ɗin, tun da shi kaɗai aka sani a garin da irin wannan ƙarfi. To ka duba tsaka mai wuyar da yake ciki. Don ya gano yadda aka yi kisan dole ya yi nazarin yadda ake yin irinsa, nazarin kuwa shi kansa ya isa a ce ya taka doka.

Saboda haka da ƙafarsa yake yawo, kamar mutanen littattafan mahaifinka. Ya je gidan wannan, a yi masa ƙarya, ya je wurin wancan, a lakaɗa masa duka. Akwai inda ya yi wa wani ɗan ƙaramin aljani tarko da burodi da madara da zuma don ya yi masa tambaya, aljanin kuma bai faɗa masa komai ba sai abin da 'yan uwansa aljanu suka gani a bakin wani gida, kamar kowane shaida. Sauran aikin, na haɗa wannan da wancan, na ƙwaƙwalwa ne. Babbar tambayar labarin ma ta lissafi ce: daga ina mutum ɗaya zai samo ƙarfin da zai fizge zuciya biyu daga nesa? Amsar tana cikin sunan littafin, wanda ke nufin gabatowar hadari, tana kuma sararin sama duk daren da aka yi kisa. Marubucin ya ajiye ta a bango tun kafin ka buɗe. Ni ban ga wayo a nan ba, adalci na gani. Daga lokacin kuma da wani ya far masa ya yanke masa gashi ya gudu da shi, mai karatu ya riga ya san ma'anar haka ba sai an yi masa bayani ba: hadari na gaba da zai haɗo, nasa ne.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne, a matsayin labarin gano mai laifi, bai kai na manyan gwanaye ba. Waɗanda ake zargi ba su da yawa, wanda ya saba da irin karatun nan kuma zai hango inda zaren biyu za su haɗu tun da sauran tafiya. Ƙarfin littafin yana wajen matsi ne, yadda 'yan sanda da 'yan daba da majalisar matsafa da kuɗin haya suka taru a wuyan mutum ɗaya cikin 'yan kwanaki.

DAGA WANI MALAMIN ISLAMIYYA A TUDUN JUKUN

"Malam, na yi mamakin ganin ka ba littafin sihiri fili a mujallar da 'ya'yanmu ke karantawa. Sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Yaya za a mayar da matsafi jarumi, yaro ya karanta ya so shi? Ina yi maka nasiha don Allah, ba don in ci fuskarka ba."

Allah ya gafarta Malam, na karɓi nasiha, na kuma gode da yadda aka yi ta. A kan hukuncin sihiri babu saɓani tsakaninmu ko kaɗan. Aya ta 102 ta Suratul Baƙara a fili take, muna neman tsari daga masu tofi cikin ƙulle-ƙulle safe da yamma, hadisin abubuwa 7 masu halakarwa kuma ya jera sihiri bayan shirka. Wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, an faɗa mana abin da ke samun sallarsa ta dare 40. Ni ɗan kasuwar littafi ne, ba mai fatawa ba, don haka abin da zan faɗa fahimtar mai karatu ce, kowa kuma ya koma wa malaminsa.

Fahimtata ita ce, aikata abu daban, karanta ƙagaggen labari da abin ke ciki daban. Da ba haka ba, da adabinmu na boko bai tsaya da ƙafarsa ba, a nan garin kuwa ya tsaya. A shekarar 1933 hukumar fassara da talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara. Dukkansu cike suke da aljanu da abubuwan al'ajabi, su biyun kuma 'ya'yan gidan malanta ne, Malam Bello ma alƙalanci ya yi a Katsina. Iyayenmu sun saurari Dare Dubu da Ɗaya. Ba mu ji an ce sun fita daga hanya don haka ba.

Amma ba zan fake da wannan in wuce ba, domin maganar Malam tana da wani gefe da ya fi nauyi. Ganɗoki yana yaƙi ne da kalmar shahada a bakinsa. A littafin da muke magana a kai, matsafin ne ake so ka tausaya wa, ka goyi bayansa. Littafin kuma ya raba tsafi gida biyu, mai kyau da mugu, rabon da addininmu bai yarda da shi ba. Wannan dole a faɗe shi ƙarara. Sannan Ba'amurken da ke karanta shi a jirgin ƙasa wasa ya ɗauke shi, bai san boka ba sai a fim. Mu kuwa boka yana bayan layinmu. Mun san matan da suka sayar da 'yan kunnensu suka kai wa mai magani don a mallake musu miji, mun san 'yan kasuwar da aka raba da jarinsu da sunan za a ninka musu. Abin da yake tatsuniya a can, a nan ciwo ne mai jini.

To da me nake auna irin wannan littafi? Ina duba ko yana koyar da yadda ake yi. Wannan ba ya koyarwa, kalmomin tsafin da ke ciki marubucin ne ya ƙirƙire su daga karyayyen Latin, babu abin da wani zai ɗauka ya yi aiki da shi. Ina kuma duba ko yana ƙawata mugun aiki. A nan ma na ga akasin haka. Wanda ya yi kisan ya shiga harkar ne yana neman mafita daga ƙuncin rayuwa, abin ya yi ta cinsa kaɗan-kaɗan har ya zama dodo ga mutanen gidansa. Duk wanda ya taɓa ganin gidan da bin bokaye ya rusa zai gane wannan hoton.

Duk da haka ba littafin yara ba ne, ba don tsafin kaɗai ba, akwai jini da batsa a wasu wurare. Ni ba na sayar da shi ga 'yan sakandare, ko da sun zo da kuɗinsu a hannu. Baligi mai hankali da ya san aƙidarsa shi nake nufi da waccan magana. Wanda kuma ya ji zuciyarsa ba ta natsu ba, ya bar shi, babu abin da ya rasa na dole. In Malam yana da ƙarin haske a kan hukuncin karanta ƙagaggen labari irin wannan, filin nan a buɗe yake, zan buga ba tare da na taɓa ko kalma ba.

DAGA WATA ƊALIBAR SHARI'A A KONGO

"Baba, na karanta shi don ka yaba, amma raina ya ɓaci. Duk macen da ta shigo, sai an fara da siffanta jikinta kafin a ji me ta zo faɗa. Har gawa ba a bari ba. Shi kuma jarumin yana ta yabon kansa wai mai girmama mata ne. Ba ka ga wannan ba ne, ko kuwa maza ba sa gani?"

'Yata, gaskiyarki ce, na gani, kuma shi ne babban aibin littafin. Akwai ma wurin da ya fi waɗanda kika ambata damuna, inda 'yar jaridar nan Susan Rodriguez ta sha maganin soyayya bisa kuskure ana tsakiyar gudun tsira, aka mayar da fitar hayyacinta abin dariya. Mu da muka san abin da ake yi wa mata da sunan asiri, wannan wurin ba ya ba mu dariya.

Asalin ɗabi'ar daga labaran binciken Amurka na shekarun 1930 da 1940 ne, irin na Raymond Chandler, inda mai bincike namiji ne kaɗaitacce, mace kuma ko dai abar ceto ko tarko. Butcher ya ɗauko tsarin nan da kayansa duka. Matashi ne a lokacin, haihuwar 1971, a ajin koyon rubutu na wata malama, Deborah Chester, a Jami'ar Oklahoma ya rubuta littafin. Na faɗi wannan ne don ki san inda abin ya samo tushe, ba don in wanke shi ba. Mai rubutu a ƙarshen ƙarni na 20 yana da zaɓin abin da zai gada da abin da zai bari.

Abu ɗaya nake so ki sake dubawa. Karrin Murphy, laftanar ɗin 'yan sanda da ke ba shi aiki, ta fi shi tsari, ta fi shi sanin makamar bincike. Ya yi ta ɓoye mata bayani yana cewa kare ta yake yi. Me ya biyo baya? Ta daina yarda da shi, ta je bincike ofishinsa ba ta san haɗarin da ke ciki ba, kunamar tsafi ta harbe ta, saura ƙiris ta mutu. Jahilcin da ya bar ta a ciki shi ya kusa kashe ta. A wannan gaɓar littafin bai goyi bayan jaruminsa ba, ya nuna kulawar da babu gaskiya a cikinta cutarwa ce. Murphy kuma tana ƙara girma a littattafan gaba har ta zama ginshiƙi. Kallon jikin dai bai gushe gaba ɗaya ba, ba zan yi miki alkawarin da ba haka ba.

In kina son labarin da ya haɗa tsafi da farautar mai kisa amma yarinya ce a gaba, nemi Akata Witch na Nnedi Okorafor, na shekarar 2011. Jarumar zabiya ce, a Aba labarin yake, kamfanin Cassava Republic kuma ya buga shi a nan gida da sunan What Sunny Saw in the Flames.

GAJERUN TAMBAYOYI

Wani ɗalibin injiniya a Samaru yana tambaya ko littafi ɗaya ne. A'a, jeri ne mai suna The Dresden Files, zuwa shekarar 2020 sun kai 17. Kowanne yana da nasa binciken, amma akwai dogon zare da ya ratsa su, don haka a bi su a jere. Da yawa daga masu karatu sun ce daga na 3 hannun marubucin ya faɗa, ni ma haka na gani.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Wusasa ta ce an gaya mata akwai fim. Akwai shirin talabijin da aka yi a 2007, kashi 12 aka tsaya. An canja abubuwa da yawa, har Bob, ruhin nan mai ba Dresden shawara da ke zaune cikin ƙoƙon kai, an mayar da shi fatalwa mai siffar mutum. Ba ya maye gurbin karatun. In aikin dare ya hana ki zama da littafi, akwai na sauraro da James Marsters ya karanta.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Sabon Gari, yana son sanin ko Turancin yana da tsauri. Yaya, ba shi da tsauri, jimlolin gajeru ne. Abin da zai ɗan tsayar da kai zaurancen Amurkawa ne da ambaton finafinansu, ana kuma iya tsallake su labarin bai ɓace ba.

DAGA WANI MATASHI A ƘOFAR GAYAN

"Baba, tun da na gama littafin nan barci ya ƙaurace mini. Ina so in rubuta irinsa da Hausa, a Zariya. Abokaina sun ce ba zai karɓu ba, wai mu labarin soyayya da littattafan yaƙi kawai muka sani. Me ka gani?"

Ɗana, wasiƙarka ce ta fi faranta mini rai, ita ce kuma ta fi sa ni tunani. Zai karɓu. Masu karatunmu sun daɗe da aljanu da bokaye a littattafan yaƙi, sai dai kullum a wata ƙasa mai nisa, a wani zamani da ba a san shi ba. Abin da bai yawaita ba shi ne a kawo abin al'ajabi kan titin da mai karatu ya bi da safe, sannan a sa wani ya bi diddiginsa da hujja.

Kana da abin da Butcher ba shi da shi. Shi mutumin jihar Misuri ne, ba ɗan Shikago ba, a littafin farko kuma garin bai fito sosai ba, sunayen wurare ne kawai da tafki. In kana son ganin wanda ya san garinsa, duba Rivers of London na Ben Aaronovitch, na 2011, inda ƙaramin ɗan sanda, ɗan wata 'yar Saliyo, yake koyon tsafi yana aiki a Landan. Kowane kogi na birnin an ba shi mai shi, uwar kogin Thames ma 'yar Najeriya ce da ta je koyon aikin jinya. A gida kuma Suyi Davies Okungbowa ya yi wa Legas nata a 2019. Ba don ka kwaikwaye su na ambace su ba, don ka ga gari yana iya zama rabin labari ne.

Zariya kuwa gari huɗu ne a cikin ɗaya. Mutumin da ya fito daga cikin ganuwa ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni ya shiga Sabon Gari, ya wuce Kwangila ya nufi Samaru, ya canja duniya sau da yawa kafin ya sauka daga Keke Napep. Gaisuwa ta canja, harshe ya canja, wanda ake jin tsoro ya canja. Abin da mai unguwa zai warware maka a cikin birni da kalma ɗaya, a Sabon Gari sai ka nemi shugaban 'yan kasuwa, a Samaru kuma ba ka san ma wa za ka tambaya ba, don rabin mutanen baƙi ne da za su tafi in an yi hutu. Mai bincike da zai yi aiki a dukkan waɗannan wurare, ga labari nan tun kafin aljani ya shigo. Ga dutsen Kufena da tarin labaran da kakanninmu suka bari a kansa. Ga dutsen Madarkaci. Ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda har yau masana gini ke zuwa kallon bakan gizon da ke ɗauke da rufinsa. Ga tsohon layin dogo ɗan siriri da ya tashi daga nan zuwa Jos, aka rufe shi a 1957, hanyar da ta ɓace amma tsofaffi suna iya nuna maka inda ta bi. Je ka zauna da su da littafin rubutu a hannu.

Kada ka ɗauko doguwar rigar Dresden da sandarsa ka rataya wa Bazazzagi. Ka ma tambayi kanka ko dole ne jaruminka ya zama matsafi. Ka karanta wasiƙar Malam da ke sama, masu karatunka da yawa haka suke ji, suna kuma da hujja. Me zai hana ya zama sajan ɗin 'yan sanda da ake tura wa ƙarar da kowa ke gudu? Ko wanzami, wanda ke shiga kowane gida ya san sirrin jikin kowa? Ko ungozoma? Ko mai ruƙiyya da ya gaji da ganin ana kawo masa marasa lafiyar da asibiti ya kamata a kai, wata rana kuma aka kawo masa wanda ya rasa gane kansa? Mutum irin wannan yana tsaye ne tsakanin abin da ake gani da wanda ba a gani, ba tare da ka sa mai karatu son abin da addininsa ya hana ba.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka zauna ka jera dokokin duniyar labarinka a takarda: me zai yiwu, me ba zai yiwu ba, me ake biya. Ka bi su har ƙarshe ko da sun matse ka. Kada ka bari mafarki ya warware maka ƙulli a babin ƙarshe, ko wani tsoho ya ɓullo daga babu ya faɗi sunan mai laifi. Addu'a tana da matsayinta a rayuwar jaruminka kamar yadda take da shi a tamu, amma kada ka mayar da ita hanyar guje wa aikin da ya kamata ka yi a matsayinka na marubuci. Duk hujjar da jarumi ya gani, mai karatu ma ya gan ta.

Sai abin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina. A ƙasar nan ana dukan mutane, ana korarsu daga unguwa, ana kashe su, a kan zargin maita, yawanci kuma tsofaffin mata ne da ba su da mai tsaya musu, da ƙananan yara. Dokar hukunta laifuka ta Najeriya ma ta ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifi. In littafinka ya ƙare da cewa tsohuwar nan ta ƙarshen lungu ita ce ke cin mutane, ka ƙara wa wuta itace, wani zai rufe littafin ya kalli maƙwabciyarsa da wani ido. Ka juya abin. Bari gari duka ya nuna ta da yatsa, jaruminka shi kaɗai ya ce a kawo hujja, bin hujjar kuma ya kai shi inda irin waɗannan maganganu suka saba ƙarewa: rabon gado, rikicin fili, bashi, kishi. Abin al'ajabin yana iya kasancewa na gaske a cikin labarin, amma hannun da ya motsa shi na mai ƙarfi ne da ke da abin da zai samu. Haka kuma kada ka sa sunan gidan kowa ko sarautar da ake riƙe da ita yanzu, kada ka yi wasa da ayoyi, kada ka kwafo surkullen gaske daga bakin kowa.

Ka fara da babi ɗaya tak. Mutum ɗaya ya ɓace, a unguwa ɗaya da ka sani ciki da bai, da mutum uku da kowannensu ke da dalilin yin ƙarya. Ka buga shi da ƙa'idar rubutu, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, ka kawo mini rumfa ranar Asabar bayan La'asar. Zan karanta da jan biro, in ya yi kuma zan roƙi edita ya ba mu shafi biyu a fitowa ta gaba.